Mai Tarihin Rumbu Uku

Ranar zaman makokin Kawu, falonsa na unguwar Morris Heights a Bronx ta New York ya ɗauki jama'ar da bai taɓa ɗauka ba yana da rai. Takalma suka cika ƙofa har bakin matakala, ƙanƙarar da suka kwaso daga titi tana narkewa tana bin ƙasa. Direbobin tasi sun baro layinsu a filin jirgin sama na JFK, ma'aikatan ofisoshin jakadanci sun zo da kwat da hula, 'yan Zangon Kumasi sun kawo tukunyar shinkafa da wake da ta fi ƙarfin murhunmu. Duk wanda ya shigo sai ya tsaya bakin ƙofar ɗakin Hajiya, matar marigayi, ya yi mata gaisuwa, sannan ya juyo ya ce Allah ya ji ƙan Baba, mutum ne mai labari. Na kasa kunne ko wani zai ce mai daɗin labari. Ba wanda ya ce.

Wajen la'asar wani direba ya tambaya, wai garin nan na Kanada da marigayi yake yawan faɗa, yaya ma sunansa? Wani ya ce Toronto. Wani mutumin Maraɗi ya dafe kai ya ce, "Wallahi ya hwaɗa mini ya hi sau ɗari, ban riƙe ba." Aka yi dariya irin ta gidan mutuwa, wadda ake haɗiye rabinta, aka koma hirar takardu da sanyi. Ina gefe riƙe da butar shayi, na ga abin da tsohon nan ya yi shekaru yana zubawa a kunnuwan nan ko ɗigo bai zauna ba. Abin da ya sa na zauna rubutu ke nan.

Kawu yayan mahaifiyata ne. Ni malamin tarihi ne a wata makarantar sakandare a ƙasar Katsina, kafin in zo New York a ƙarshen shekarun tamanin da bizar ziyara. Ziyarar ba ta ƙare ba, bizar ce ta ƙare. A doguwar kujerar falonsa na fara kwana, kuma daga nan nake bin jirgin ƙasa da na ruwa zuwa wani shago a Port Richmond, inda nake jera kwalaye. Jama'a suna kirana Tica, wasu don girmamawa, wasu don su tuna mini.

Shi kuwa gwamnatin Arewa ce ta tura shi Kanada a shekarun sittin, yana ƙaramin malamin dabbobi, wai ya je ya ga yadda ake kiwon shanu a cikin ƙanƙara, ilimin da har ya koma ga Allah bai gano amfaninsa ga Katsina ba. Shekara ɗaya aka ce masa. Kafin ta cika, gwamnatin da ta tura shi ta faɗi, wadda ta hau kuma ba ta san da shi ba. Wani likitan dabbobi a wani ƙauye na lardin Saskatchewan ya ɗauke shi mataimaki. Sau ɗaya ya koma gida, ya auro Hajiya, ya dawo da ita.

Ƙauyen yana da sunan Turanci, amma ban taɓa jin Kawu ya kira shi da shi ba. Rumbu Uku yake ce masa, saboda wasu dogayen rumbunan katako uku na alkama da ke tsaye gefen layin dogo, waɗanda ake hangowa tun ana da tafiyar rabin yini a ƙafa. Ya ce filin ƙasar a shimfiɗe yake, har in karenka ya gudu za ka yi ta kallonsa sai ka gaji don kanka.

Tarihin garin a bakinsa zamani uku ne: kafin dogo, zamanin dogo, da bayan dogo. Da dogo ya zo ne aka sauke manoma daga ƙasashen Yukren da Norwe da Sikotlan, aka nuna wa kowa fili aka tafi aka bar shi. Ɗakunansu na farko da laka da ciyawa suka gina, irin waɗanda Kawu ya ce ko akuya ba za a sa a ciki ba a Batsari. Mutanen garin daga jirgin ƙasa na farko suke fara lissafinsu. Kawu kuwa yakan ja baya, don wani tsoho ɗan asalin ƙasar, mai gyaran shinge, ya taɓa zaunar da shi ya faɗa masa sunayen rafukan wurin na da, kafin a zo a sake musu suna ba tare da an tambayi kowa ba.

Manyan garin kuma duk ya naɗa su sarauta, ba da saninsu ba. Akwai Sarkin Awo, mai sikelin alkama, wanda gari duka ya yarda yana danne sikeli, kuma gari duka yake sake zaɓensa shugaban majalisa, don shi kaɗai ne ke iya yi wa mutanen jirgi tsawa. Akwai Sarkin Shayi, ɗan ƙasar Sin, da ya riga yawancinsu zuwa, ya ciyar da su da 'ya'yansu da jikokinsu, ba a taɓa gayyatarsa cikin gida ba sai ranar da ya mutu, ranar kuwa coci ya kasa ɗaukar masu kuka. Akwai Sarkin Pawa, wanda ya ba Kawu bayan shagonsa ya riƙa yanka da hannunsa. Akwai Zakaran Gari, saurayin da ya taɓa buga wasan ƙwallon ƙanƙara a babban birni sau ɗaya tak, ya dawo ba haƙoran gaba, kuma da wannan wasa ɗaya garin ya yi ta tinƙaho har dogo ya tashi. Akwai Sarkin Maƙera. Sai Magajiya, matar gidan waya, wadda ba a yin aure ko saki a garin ba ta riga masu shi sani ba.

Haka yake jero su, a masallaci, a gidan suna, a mayankar kaji ta Bronx inda ya yi aikin ƙarshen rayuwarsa. Yana cewa "zamanin Sarkin Awo" sai ka ga direba ya tuna ya ajiye mota inda aka hana. Yaran da aka haifa a nan, masu jin Hausa su amsa da Turanci, sun laƙaba masa Baba Kanada, kuma suna kwaikwayon yadda yake ɗaga yatsa.

Sau ɗaya muka yi faɗa. Na dawo daga aiki a gajiye, ya tare ni da Zakaran Gari, ni kuma ilimina ya motsa. Na ce, Kawu, ni fa na koyar da Songhai, na koyar da Borno. Garin da mutanensa ba za su cika bas biyu ba, abin da yake da shi ba tarihi ba ne, gulma ce.

Ya dube ni ta saman tabarau. "Tica," ya ce, kuma ranar ce kaɗai ya kira ni haka, "duk Songhai ɗin nan, wa ka sani da zai fito cikin sanyi dominka?"

Bai ƙara yi mini magana ba sai Lahadi. Da hantsi ya ce in raka shi shan iska, muka zauna kan benci a gaban gidan, ya ba ni labari ɗaya da ban taɓa jin ya faɗa a taro ba.

Shi da Hajiya sun haifi 'ya a Rumbu Uku, ita kaɗai Allah ya ba su. Ba ta isa shiga makaranta ba zazzaɓi ya kama ta a tsakiyar hunturu, hanya ta toshe, kafin a kai ta asibiti ta cika. Al'adar garin kuwa, wanda ya mutu da hunturu ba a binne shi, don ƙasa tana daskarewa ta koma dutse, diga ba ta kama ta. Akwai wani ɗan ɗakin dutse a maƙabarta, nan ake ajiye gawa a akwati har ƙasa ta narke a watan Mayu, sannan a yi jana'izar kowa. Faston garin ya zo ya yi wa Kawu bayanin haka cikin ladabi. Kawu ya ce a addininmu ba a jinkirta wa mamaci. Fasto ya ce ya fahimta, amma ƙasa ba ta san addini ba. Kawu ya ɗauki diga ya tafi maƙabarta shi kaɗai, ya yi ta sara, digar tana tsalle tana dawo masa.

Sarkin Maƙera ne ya same shi a haka. Bai yi masa gaisuwa ba, ya karɓe digar ya ce zamanin ubansa da wuta ake yi. Aka zuba gawayi da harawa a wurin, aka kunna, aka kifa fallen kwano a kai. In wuta ta ci, a share toka, a haƙa abin da ya yi laushi, wanda bai wuce taƙi ɗaya ba, a sake kunnawa. Gida-gida aka riƙa kawo gawayi daga na ɗumamar ɗaki. Sarkin Awo ya tsara masu tsaron wuta, ya sa kansa a farko. Da wasu suka yi gunaguni cewa maƙabartar ta masu coci ce, Magajiya ta ce filin danginta nata ne, ta yanki wuri biyu daga ciki, ɗaya na yarinya, ɗaya kusa da shi na ubanta in lokacinsa ya yi. Ita ce kuma ta zuba ruwa Hajiya ta yi wa 'yarta wanka.

Kabarin ya fita daga sahun sauran, ya karkace, don Kawu ya ce sai ta fuskanci alƙibla, su kuma ba su tambayi dalili ba. Shi kaɗai ya tsaya ya yi mata salla. A bayansa manoma sun tsaya hula a hannu, cikin sanyin da ke cin kunne.

"To," in ji Kawu, "ka saka wannan a gulmar taka."

Hajiya ba ta taɓa sa baki a hirar Rumbu Uku. In ya fara sai ta tashi ta shiga kicin ta kunna famfo. Sau ɗaya na ji ta tanka, ranar da ya ce bai taɓa ganin mutanen kirki irinsu ba. Ta ce, "Kai masu wuta ka gani. Ni ɗakin da ba kowa na koma." Ta yi haƙuri da garin shekaru masu yawa bayan rasuwar, ba mai yi mata Hausa sai shi, shi kuma yana wajen shanu. Da aka ɗauke jirgi, aka rushe rumbunan ɗaya bayan ɗaya, aka rufe makaranta, likitan dabbobi ya mutu, ta ce masa ko su tafi inda za ta ji sallama a bakin ƙofa, ko ta tafi ita kaɗai. Suka zo Bronx.

Duk bazara sai ya hau bas ya yi kwanaki a hanya, ya je ya yanke ciyawar kabarin, ya sha shayi da Magajiya, ya dawo da labarin wanda ya mutu da wanda ya ƙaura. Jerin sarakunansa ya riƙa gajarta. Sai ciwon suga ya kama masa ƙafa, tafiyar ta gagara. Daga nan hirar tasa ta ƙaru, kuma ta canja murya. Da can yana ba da labari ne. Yanzu ya koma kamar mai neman wanda zai riƙe masa kaya kafin hannunsa ya saki, yana kama rigar mutane a ƙofar masallaci.

A asibiti, bara da kaka, ya ce mini, "Ɗan nan, in ta zo, ka kai ni Rumbu Uku. Wurina yana nan." Ya san ba ni da takardar da zan ƙetare iyaka in dawo, ni ma na sani. Na ce to Kawu, amma sai ka daure ka mutu da bazara. Ya yi dariya har ya sarƙe, ya ce zai yi ƙoƙari. Na ce na yi alkawari.

A watan Janairu ya rasu, da safe, ana zuba ƙanƙarar da ta tsayar da bas-bas a Bronx.

Ban san na iya roƙo ba sai ranar. Na fara da kiran Magajiya, na faɗa mata. Ta ce wurinsa yana nan, a kawo shi, za a sa shi a ɗakin dutse har Mayu. Na ce wuta fa? Ta ce, "Ɗana, wa zai kunna?" Sarkin Maƙera ya daɗe da mutuwa, 'ya'yansa suna birni wajen aikin mai. Motar haƙa ta ƙaramar hukuma ba ta fitowa sai ƙasa ta saki, kuma ko hanyar maƙabartar a binne take. Ta ce waɗanda suka rage a garin wannan hunturu ba su cika goma ba, kuma ita ce yarinyar cikinsu. Na ce mata, manya suna shawara, zan sake kira.

Na bi direbobi masu takarda ɗaya bayan ɗaya, waɗanda suka ci tuwon Hajiya shekara da shekaru, na ce mu haɗa mutum huɗu da gawayi su tafi su kunna wutar da kansu. Wannan ya ce motarsa ba ta kai can, wancan ya ce matarsa ta kusa haihuwa, kuma duk gaskiya suka faɗa. Na je wurin mutumin Maraɗi ko zai samo mini wata takarda ta kwana uku, ya riƙe hannuna ya ce fita zan fita, shigowa ce ba zai iya lamunce mini ba. Na ce ko ba zan dawo ba zan tafi. Ya ce to in na isa, ni da wa za mu haƙa? Na tsaya a titi ina lissafin zurfin kabari da taƙi, kamar mahaukaci.

Limaminmu mutumin Kumasi ne, mai sanyin murya, kuma abokin Kawu. Ya saurare ni har na gama. Ya ce wasiyya abar girmamawa ce matuƙar ana iyawa. Sannan ya ce, "Tica, gawa ba kaya ba ne da za a sa a sito. Shi kansa bai yarda a yi wa ɗiyarsa haka ba, kai za ka yi masa?" Na kawo hujja, na kawo wata, har na ji ina ɗaga murya a gaban mutumin da ya girme ni. Ya ce a tambayi mai ɗaki.

Hajiya tana zaune a kan tabarma, ta juya wa ƙofa baya. Na faɗa mata duka, har da ɗakin dutse.

"Har Mayu a cikin ƙanƙara?" ta ce. "Mutumin da ko da bazara da safa yake kwana?" Ta gyara mayafi. "Ku rufe shi gobe."

A New Jersey muka rufe shi, a sashen Musulmi na wata babbar maƙabarta da ke gefen babban titi, tsakanin wani Balarabe da wani mutumin Pakistan, ba wanda ya san shi a cikinsu. Da muka dawo na kira Magajiya in sanar da ita, waya ta yi ta ƙara ba a ɗauka. Na sake kira bayan sadakar uku, na sake bayan ta bakwai. Daga baya na ji ashe 'yarta ce ta zo ta tafi da ita birni ta ƙarasa hunturu a can.

Masu makoki suka watse. Na ci gaba da kwana a falon, don kada a bar Hajiya ita kaɗai a takaba. Wani lokaci a kan jirgin ruwa nakan gwada jero sarakunan, sai in ga na manta wanda ya riga wani, Sarkin Pawa ko Sarkin Shayi, kuma babu wanda zan tambaya. Ni da na sa ɗalibai haddar sarakunan ƙasashen da ban taɓa gani ba.

Ranar wata Asabar a watan Mayu, da rana, saura kwanaki kaɗan Hajiya ta fita takaba, waya ta yi ƙara. Magajiya ce, muryarta da fara'a. Ta ce ta dawo gida, ƙasa ta narke, kuma sun gama. Na ce kun gama me? Ta ce kabarin mana. Motar haƙa ta zo, amma direban ya so ya bi sahu, sai tsofaffin suka tare shi suka ce a karkace ake yi wa waɗannan, kamar na yarinya. Ɗaya daga cikinsu ma ya shiga da shebur ya gyara gefe, yanzu yana kwance da ciwon baya. Ta ce matan sun yi shawarar abincin da za a dafa, ba naman alade, ta tuna. Yaushe za mu iso da shi?

A wurinsu ba abin tambaya ba ne. Wanda ya mutu a Janairu jira yake yi.

Na faɗa mata mun riga mun rufe shi tun Janairu. Ban san da wane Turanci na faɗa ba, ni da nake gyara wa mutane nasu. Sannan ta ce a hankali, "To, ramin fa? Me zan ce musu?"

Ban ji fitowar Hajiya ba, sai hannunta na gani ta miƙo. Na ba ta wayar. Tun zuwana ban taɓa jin ta yi magana da kowa na garin can ba. Suka gaisa kamar jiya suka rabu. Ta saurara, ta saurara, tana kallon bango. Da Turancinta na Rumbu Uku, wanda ban san tana da shi ba, ta ce a gode wa mai ciwon baya, a mayar da ƙasa a rufe ramin kada yaro ko kare ya faɗa. Amma kada a ba kowa wurin. Nata ne.

Ta ajiye wayar, ta dube ni.

"Ka ji dai," ta ce. "Shi ka kasa, ba laifinka ba ne. Ni kada ka kasa. Ka nemi takardun nan."

Ta koma ɗaki ta ja ƙofa. Har yau da nake wannan rubutu ban samu takardun ba, kuma Hajiya ta fara dafa bango in za ta tashi.

Allah ya yalwata wa Kawu makwancinsa a inda bai zaɓa ba, ya haɗa shi da 'yarsa a inda ba iyaka. Ni kuma Allah ya ara wa Hajiya kwana har in iya.